Alekzanda Yakoblef, mai zanen da ya ratsa Maradi da Tasawa a 1924

Alekzanda Yakoblef, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Alexandre Iacovleff, mutumin Rasha ne mai zanen hoto da hannu. An haife shi a birnin Sen Fitasbag a watan Yuni na 1887, ya mutu a Paris a watan Mayu na 1938 yana da shekara 50. Dalilin da ya sa muka ɗauko tarihinsa a wannan shafi shi ne ya taka ƙasarmu da ƙafarsa. A ƙarshen 1924 ya biyo ayarin motocin kamfanin Citroën, suka ratsa Yamai da Doso da Maradi da Tasawa da Damagaram har bakin tafkin Chadi, yana tafe yana zana ƙasa da mutanen da ke cikinta. Motocin ba su biyo ta El Alasan Mairairai ba, ta kudu da mu suka wuce. Amma ƙasar da ya gani ita ce tamu, gawo da goriba da rairayi, kuma mutanen da suka zauna gabansa ya zana su kakannin wasu ne daga cikin masu saurarenmu. Yau shekara ɗari ke nan da ɗoriya, hotunan suna Turai, yawancinmu ko labarinsu ba mu taɓa ji ba.

Zane a sarari

Kafin mu shiga tarihin mutumin, bari mu faɗi irin sana'ar. Faransawa na ce mata plein air, wato a sarari, a fili, inda iska ke kaɗawa. A da can, mai zane a Turai yakan fita ya ɗan zayyana abin da ya gani a takarda, sannan ya koma ɗakin aikinsa ya yi wata da watanni yana gyarawa daga abin da ya riƙe a ka. Daga baya wasu suka ce a'a, hasken rana ba ya zama a ka, sai dai a je inda yake. Suka riƙa ɗaukar kayan aiki suna zama a bakin daji ko bakin kogi, su gama hoton nan take. Masu zanen ƙauyen Barbizon na Faransa sun yi suna da wannan tun wajen 1830. A 1841 wani Ba'amurke mai suna John Rand ya ƙirƙiro ɗan bututun dalma da ake matso fenti daga ciki, irin na man goge baki, sai fita da fenti ya yi sauƙi. Su Claude Monet, da suka baje aikinsu a Paris a 1874, da wannan hanya suka shahara.

Wahalar aikin a bayyane take ga duk wanda ya taɓa yini a gona. Inuwar itace da hantsi daban take da ta la'asar, launin rairayi da safe ba shi ne na tsakar rana ba. Mai zane a sarari yana da awa ɗaya ko biyu kafin abin da ya fara zanawa ya sake kama. Don haka dole hannu ya yi sauri, allon ya zama ƙarami, kuma babu damar gogewa a sake sau goma. Ga iska, ga ƙuda, ga yara sun kewaye ka.

Gaskiyar magana, an fi sanin Yakoblef da zanen fuskokin mutane. Sai dai ya zana filaye da hamada da koguna masu yawa, kuma a tafiyarsa ta Afirka kusan komai a waje ya yi shi, a zango ko a ƙofar fada ko a gefen hanya, domin babu ɗakin aiki a cikin mota.

Tasowarsa

Mahaifinsa, Yebgeni Yakoblef, tsohon hafsan sojan ruwa ne da ya koma ƙera injuna. Shi da wani abokin aikinsa, Frese, suka haɗa motar farko da aka ƙera a Rasha, aka nuna ta ga jama'a a 1896. Uban ya mutu a 1898, yaron bai wuce shekara 11 ba. Ku duba yadda abu ke juyawa: ɗan wanda ya fara ƙera mota a ƙasarsu, mota ce ta kawo shi Tasawa.

Daga 1905 zuwa 1913 ya yi karatu a babbar makarantar zane ta Sen Fitasbag, a hannun wani malami mai suna Kardobski, wanda ya matsa wa ɗalibansa su ƙware a zanen layi da siffar jiki kafin su taɓa launi. Wannan horo ya bi shi har mutuwarsa. A lokacin da samarin masu zane na Turai ke karkata ga hotunan da ba a gane kansu da gindinsu, shi ya tsaya kan tsohuwar hanya: in ya zana mutum, wanda ya san mutumin zai gane shi. Da ya gama, makarantar ta tura shi Italiya da Sifen ƙaro sani, tare da amininsa Shukayeb.

A 1917 ya sami tallafin zuwa gabas mai nisa, ya zaga Mongoliya da Sin da Japan har 1919. Yana can aka yi juyin juya hali a Rasha, ƴan kwaminis suka karɓi mulki. Bai koma gida da zama ba. Ya sauka Paris, ya baje hotunansa na Sin da Japan a 1920, suka karɓu, sunansa ya fita a matsayin mai zanen da ya iya tafiya kuma ya iya aiki a kan hanya. Ƴan uwanmu da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya da Legas sun san irin wannan zama, mutum ya fita da niyyar shekara biyu, gida ya rikice a bayansa, ya tsufa a waje.

Ayarin Citroën

André Citroën mai kamfanin motoci ne a Faransa, kuma ya san talla. Tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923 motocinsa suka ƙetare Sahara daga Tugurt ta Aljeriya zuwa Tumbutu, abin da ba a taɓa yi da mota ba. Da ya ga hakan ta yiwu, sai ya shirya babba: a ratsa Afirka tun daga arewa har tsibirin Madagaska. Gwamnatin Faransa ta mara masa baya, don tana son a nuna cewa ana iya haɗa ƙasashen da ta mallaka da hanyar mota. Aka ba Georges-Marie Haardt jagoranci, Louis Audouin-Dubreuil na mataimaka masa. Aka ɗauki mai shirya fim, Léon Poirier, da mai riƙe kamara, Georges Specht, da mai tattara dabbobi da tsirrai, da makanikai, da mai zane guda, wato Yakoblef. Faransawa suka sa wa tafiyar suna Croisière noire, baƙar tafiya ke nan, saboda launin mutanen da za a ratsa ƙasarsu. Sunan kaɗai ya isa ya nuna muku da wane ido aka fito.

Motoci takwas ne, kowace da taya biyu a gaba, bayanta kuma wata sarƙar roba mai juyawa kamar ta katafila, don kada ta kafe a rairayi. Kowace da sunanta da tambarinta a jiki. Ta shugaban ayari sunanta Buzuzun Zinariya, ta mataimakinsa Jinjirin Watan Azurfa. (Da muka karanta wannan a ɗakin watsa shiri sai da aka yi dariya, don a nan ba wanda zai sa wa motarsa sunan buzuzu, kowa ya san abin da yake turawa.)

Sun tashi daga Kolom Beshar, wadda yau ake kira Beshar, ranar 28 ga Oktoba 1924. Suka keta hamadar Tanezruft, suka faɗo kogin Kwara a Burem cikin Mali ta yanzu, suka gangaro Yamai. Daga nan suka yi gabas. Ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba ya same su a ƙasar Hausa, tsakiyar Disamba suna bakin tafkin Chadi. Suka wuce Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, da Bangi, da dajin Kwango, sannan suka rabu ƙungiya-ƙungiya, suka sake haɗuwa a Antananaribo ta Madagaska ranar 26 ga Yuni 1925. Wata takwas, wajen kilomita 20,000.

Yadda ƙasarmu take a lokacin

A 1924 Nijar ba ta fi shekara biyu da zama cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka ba, kuma Damagaram ce hedikwata, sai a 1926 aka mayar da ita Yamai. A Damagaram ɗin Faransawa ba su daɗe da maido da sarauta ba, Barma Mustafa ya hau a 1923, shi ne Turawa ke rubutawa Barma Mata. A Maradi Sarki Musa ke kai, a Tasawa kuma Sarki Barmu.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Shekara 25 kacal kafin zuwan motocin, a 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta bi kusan wannan hanya tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, daga Lugu ta Sarauniya zuwa Birnin Konni har cikin ƙasar Tasawa, inda sojojinsu suka juya suka harbe su. Kaburburansu na Maijirgi har gobe. To, dattijon da ya kai shekara 40 a ranar da motocin Citroën suka shigo Tasawa, yana saurayi ya ga wancan ayarin ko ya gudu daga gabansa. Idan aka ce an fito da dawaki da kakaki da algaita an tarbi baƙi, an yi sukuwa, a tuna da abin da ke cikin zukatan masu tarbar. Kuma zamanin aikin dole ne. Kwamanda ke ba sarki umarni, sarki ya ba mai gari, mai gari ya fitar da mutane su share hanya su kawo ruwa da itace, babu ko dala. A Kwango, dubban mutane aka sa suka sare daji don waɗannan motoci su wuce. Ba a soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai a 1946.

Littafin da shugabannin ayarin suka rubuta ya ba da labarin saukarsu a Tasawa, da yadda masu fim suka shiga gidan Sarki Barmu suka ɗauki matansa. Mutanen Paris sun ji daɗin wannan yanki na fim ɗin. Mu da muka san abin da ake nufi da cikin gida, mun san ba a buɗe wa baƙo namiji wannan ƙofa da daɗin rai.

Abin da ya zana, da yadda ya yi

Hotuna biyu daga yankinmu sun fi yawo a littattafai. Ɗaya na Sarkin Damagaram Barma Mata. Ɗayan na shugaban mahayan Sarki Musa na Maradi, wanda Yakoblef ya rubuta sunansa Magemma, yadda kunnensa ya ji. Mu a waya muka fara ganin wannan na biyu, wani mai saurarenmu da ke karatu a Faransa ya turo mana. Mun daɗe muna kallo. Naɗin rawanin da zaman fuskar, ka ce yau ka gan shi a hawan salla.

Kayan aikinsa na zanen fuska ba su da yawa: takarda babba, da gawayi, da wani jan alli mai launin jar ƙasa da Faransawa ke kira sanguine, wani lokaci ya ƙara allin launi. Jan allin nan da gawayi in aka murza su tare suna ba da launin fatar baƙin mutum da sheƙinta fiye da yadda kamarar wancan zamani ke iyawa, domin hoton kamara a lokacin fari da baƙi ne, kuma a tsakar rana fuska takan fito baƙi ƙirin ba a ganin komai. Nan mai zane ya fi mai kamara. Yana iya zaunar da mutum a inuwa, ya dube shi, ya fitar da tsagar fuska da jijiyar wuya da lanƙwasar rawani. Abokan tafiyarsa sun shaide shi da saurin hannu da rashin gajiya. Zango kaɗan ya ishe shi ya gama fuska, kuma ko mota na tafiya littafin zanensa na bisa cinyarsa.

Wajen zanen fili kuwa ya fi son fentin da ake kira tempera, garin launi ne da ake kwaɓawa da abu mai danƙo irin gwaiduwar ƙwai, a sassauta da ruwa. Duk wanda ya san watan Disamba a nan zai gane hikimar. Fentin mai yana kwana da kwanaki bai bushe ba, in iskar hunturu ta taso sai ƙura ta manne masa, ga shi kuma gobe da asuba za a ɗaure kaya a tashi. Shi wannan kafin ka sha shayi ya bushe, a jera a akwati. Kuma ba ya ƙyalli, launinsa a dushe yake, ya dace da ƙasar da hazo ya lulluɓe. Da shi da sauran kayan da ke hannunsa ya zana hamada, da bakin kogi, da garuruwan ƙasa, da zangon ayarin kansa. Gaba ɗaya ya koma Paris da zane wajen 300, manya da ƙanana, ban da littattafan da ya cika a hanya.

Abu guda da muka yaba masa: yakan rubuta sunan wanda ya zana, da garin, da shekarar, a gefen takarda. A wancan zamani, katin hoto da ake sayarwa a Faransa sai dai a rubuta "wani Bahaushe" ko "wata Bafillatana", kamar ana lissafin irin awaki. Shi ya bar mana suna. Da wannan sunan ne zuriyar mutum za ta iya cewa wannan kakanmu ne.

Amma kada yabon ya wuce gona da iri. Wa ya zaɓi waɗanda aka zana? Baƙon da ya sauka a gidan kwamanda, wanda aka kawo masa shi yake gani: sarki, da dogari, da mahayi cikin kayan ado, da macen da aka ce ta fi kyau. Wanda aka kira ya zauna ba shi da bakin cewa a'a. Kuma a Turai an karɓi hotunan a matsayin samfurin ƙabilu, wannan ga irin kan su wane, wancan ga irin hancin su wane, abin da malaman mulkin mallaka ke nema ke nan a lokacin. Hannun mai zanen ya girmama mutanen da ya zana, mun ga haka a aikin. Kasuwar da aka kai hotunan da wata manufa ta saye su.

Ido biyu a fili ɗaya

Nan ne muke son mu ɗan daɗe, don abin ya shafi zanen fili ko na wane ne. Yakoblef ya ratsa ƙasar Hausa bayan kaka. An yanke hatsi an kai rumbu, gonaki sun zama kara da rairayi, shanun Fulani na kiwo a ciki, gawo ya fara fitar da ganye kamar yadda ya saba in kowa ya zubar da nasa. Baƙon da ya zo a wannan lokaci, ya yi kwana ɗaya ya wuce, fili zai gani shimfiɗe da itatuwa jefi-jefi. Zai ga kyan launi, ja-ja da toka-toka da ɗan kore. Manomin El Alasan Mairairai in ka tsayar da shi a wuri guda ɗin, abin da zai gani daban ne. Zai ce maka daga wancan layin gamba zuwa waccan aduwa gonar gidan wane ce, nan burtali ne, can jigawa ce sai hatsi da wake, gangaren can ya fi riƙe ruwa, wannan sabara an bar ta ne don ta tare iska. Shi ba ya cewa wuri ya yi kyau sai in zai ba da abinci. Mai zane a sarari yana da awa biyu, manomi yana da shekara arba'in a gona guda.

Duk da haka awa biyun nan tana da amfanin da shekara arba'in ba ta da shi. Wanda ke cikin wuri kullum ba ya lura da yadda yake sauyawa, sai an wayi gari ya ce da can akwai kuka a nan. Dattawanmu na ba da labarin kurmin goriba na Gulbin Kaba, da namun dajin da ke tsakanin gari da gari, da yadda farin 1973 da na 1984 suka share itatuwa. Matasa na ji kamar tatsuniya. Daga baya sassaben zamani ya zo, wanda aka fara yaɗawa a jihar Maradi wajen 1983, manoma suka riƙa barin tohon kututture suna gyara shi ya zama itace, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Da me suka tabbatar? Da tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, aka aza su kusa da sababbi. Hoton da aka rubuta masa wuri da shekara shaida ne. Zanen 1924 ya girmi waɗancan hotuna na jirgi da shekaru masu yawa, kuma da launinsa. Wannan ne ya sa muke ganin kayan Yakoblef da fim ɗin Poirier da hotunan Specht sun wuce abin ado a wurinmu, ko da masu su ba don mu suka yi ba.

Mun san wasu za su tambaya game da hukuncin zane, don an sha yi mana wannan tambaya a shirin kiran waya. Malamai sun yi magana mai yawa a kan zana abu mai rai, kuma wannan fage nasu ne. Amma zana itace da dutse da kogi da gona, an ruwaito Abdullahi ɗan Abbas ya nuna wa wani mai sana'ar zane cewa ya koma ga irin waɗannan. Ke nan yaron da ke da hannu, irin waɗanda ke zana wa masu aski allo ko su yi wa manyan motoci ado, babu abin da ya hana shi ya zauna bakin tabki da fensir ya zana garinsu, ya rubuta ranar. Nijar ta fitar da masu zane da suka yi suna, irin su Rissa Ixa da ya zana rayuwar Buzaye da ƙasarsu. A Zariya kuma tun shekarun 1950 ake koyar da zane a babbar makaranta.

Bayan Afirka

Fim ɗin tafiyar ya fito a Paris a watan Maris na 1926, a babban gidan wasan Opera. A wannan shekara Yakoblef ya baje zanensa a zauren Charpentier, jama'a suka yi cincirindo, aka saye da yawa, gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur. A 1927 aka buga kundin zanensa mai suna Dessins et peintures d'Afrique, da hotuna 50 a ciki, kwafi kaɗan ne kuma masu tsada. A 1928 ya sake dawowa Afirka, ya je Habasha.

Citroën ya sake shirya wata tafiyar, wannan karo a Asiya, aka kira ta Croisière jaune. Suka tashi daga Bairut a Afrilu 1931, ta Siriya da Iraki da Iran da Afganistan, suka hau duwatsun Himalaya inda sai da aka kwance motoci aka ɗauke su gunduwa-gunduwa a ka, suka isa Bejin a Fabrairu 1932. Yakoblef na ciki daga farko har ƙarshe, kuma masana da yawa na ganin a nan zanensa na fili ya fi nuna, duwatsu da kwazazzabai da hamadar Gobi. Haardt, shugaban ayarin kuma amininsa, bai dawo ba, ciwo ya kashe shi a Hong Kong a watan Maris na 1932.

Daga 1934 zuwa 1937 ya shugabanci sashen zane a makarantar gidan tarihin fasaha na Bostan a Amurka. Ya bar aikin ya komo Turai, yana raba zama tsakanin Paris da tsibirin Kafri na Italiya inda yake da ɗakin aiki, yana neman sabuwar hanyar zane da ta fi sakin hannu. Bai yi nisa da ita ba. Ciwon daji na ciki ya kama shi, aka yi masa aiki a Paris, ya mutu a watan Mayu na 1938.

Ina hotunan suke

Sun warwatse. Wasu na gidajen tarihi a Faransa da Rasha da Amurka, wasu na hannun zuriyar waɗanda suka yi tafiyar, da yawa kuma na gidajen attajirai. A 2004 gidan tarihin shekarun 1930 da ke Boulogne-Billancourt, a gefen Paris, ya tara aikinsa ya nuna wa jama'a. Jikar Haardt, Caroline Haardt de la Baume, ta rubuta littafi a kan rayuwarsa da tafiye-tafiyensa. Tun da attajiran Rasha suka shiga neman kayan masu zanen ƙasarsu, farashi ya tashi, an sayar da wasu hotunansa a gwanjon Landan a kan kuɗin da ya haura fam miliyan ɗaya, wato sama da sefa miliyan 700 hoto guda.

Ga ƴan uwa da ke waje masu intanet mai ƙarfi: in za ku nema, ku rubuta sunan yadda Faransawa ke rubuta shi, Iacovleff, ku haɗa da Zinder ko Maradi ko Tessaoua ko Croisière noire. Ingilishi na rubuta shi Yakovlev ko Jacovleff, sai dai akwai wasu mutane da yawa masu wannan suna, har da mai ƙera jirgin sama, kada ku ɓata. Yankunan fim ɗin Poirier ma suna nan, fim ne marar magana. Duk wanda ya ci karo da hoton da aka rubuta wa sunan wani gari na jihar Maradi, ya turo mana ta WhatsApp na gidan rediyo. Za mu buga shi a takarda mu kai wa dattawan fadar Tasawa da na Maradi su duba, musamman na mahayin nan da aka rubuta Magemma, mu ji ko akwai gidan da zai ce nasa ne.